Tambaya da Amsa: Anti, zan iya hawan dutsen Shere da damina?

TAMBAYA: Salamu alaikum Anti, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce a nan Jos, ƙawayena sun haɗa tafiya wai za mu hau duwatsun Shere ran Asabar, to ni gaskiya ban taɓa hawan dutse ba kuma ina da ɗan jiki, bene hawa biyu ma sai na tsaya haki, ga shi Agusta muke ciki. Mama ta ce kar na je. Don Allah zan iya kuwa? Kuma da hijabi ake hawa? Ƙanwarki daga Unguwar Rogo.

AMSA: Wa alaikumus salam ƙanwata. Iyawa kam za ki iya, amma ni ma ina bayan Mama a kan wannan Asabar ɗin, kuma ba don jikinki ba, don ruwan sama.

Bari na fara cire miki tsoro. Ƙololuwar Shere ta kai mita 1,829 daga matakin teku, in kin ji adadin sai gabanki ya faɗi, to amma ita kanta Jos a kan tudu mai kusan mita 1,200 take zaune, kin ga rabi da wani abu an riga an hau miki kina kwance a gado. Kuma ba wanda ya ce dole sai ƙololuwa, akwai ƙananan duwatsu masu bishiyoyi da inuwa a gefe waɗanda in kin hau za ki hango gari da dam ɗin Lamingo tsaf. Haki kuwa kowa na yi, a tsaya a huta a sha ruwa a ci gaba. Sai dai in kina da asma ko hawan jini, wannan kam likita za ki fara gani ba ni ba.

Matsalar ita ce Yuli da Agusta nan ne ruwan Jos ya fi ƙarfi, falalen dutse in ya jiƙe ga gansakuka a kai santsinsa kamar an goga sabulu, kuma mutane hawa suke tsoro alhali saukowa ce ke ka da mutum, gwiwa ta gaji tana rawa, hankali ya koma gida, sai ki ji an zame. Ga hadari da ke haɗuwa nan da nan, wanda tsawa ta tarar a saman dutse ba shi da wajen ɓuya, gindin bishiya ma haɗari ne. Ga ciyawa ta yi tsawo ba kya ganin inda kike taka, macizai kuma suna nan. Ku ɗaga tafiyar zuwa ƙarshen Oktoba ko Nuwamba mana, ruwa ya ɗauke, daji bai gama bushewa ba, hazon hunturu bai rufe gari ba tukuna. Kafin nan ki riƙa takawa da ƙafa kullum ko na minti 30 ne.

Kar ku tafi ku kaɗai da sunan ai waya na nuna hanya, akwai lungunan da sabis ke ɗaukewa. Ku nemi ɗan jagora cikin mutanen wajen, ko ku tambaya a makarantar horaswa ta Mountain School da ke nan Shere. Ku fita da sassafe ku sauko kafin azahar, ku gaida mutanen ƙauye, kar a tattake musu gonar acca don neman yanke.

Hijabi ana hawa da shi sosai, amma gajere iya gwiwar hannu, mai jan ƙasa ƙaya za ta kama shi ko ke ki taka shi. Wando mai kauri a ciki, riga iya gwiwa, kambas mai gwaɓi a ƙasa da safa. Silifas dai a bar shi a hostel don Allah. Jakar goyo da robar ruwa biyu, dabino, gyaɗa, suwaita don iskar sama da sanyi, leda ta kwaso shara.

Ita kuma Mama ki kai mata sunan jagoran da na waɗanda za ku tafi tare da lokacin dawowa, in ta ce a'a har yanzu to a'a ɗin ce.