Tambaya da Amsa: Sababbin Littattafan Mata da Rubuta Littafi na Farko

Wasiƙun da suka iso wannan fili a wannan karo kusan duk daga mata suke, kuma sun taru a kan abu biyu, wato inda ake samun sababbin ƙagaggun labarai na marubuta mata, da yadda mai sha'awa za ta rubuta littafinta na farko. Mun taƙaita tambayoyin, mun kuma sakaya sunayen masu su kamar yadda muka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum Anti. Tun ina budurwa nake karatun littattafan Hausa, muna karɓar haya a shagon unguwarmu. Yanzu idan na shiga kasuwa sai tsofaffin littattafai nake tararwa. Shin matan sun daina rubutu ne? Idan ba su daina ba, ina sababbin suke, kuma yaya zan gane mai kyau? Daga wata uwargida a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Mata ba su daina rubutu ba, kasuwar ce ta tashi daga rumfa ta koma cikin waya. Tun daga 1980, lokacin da kamfanin buga littattafai na NNPC da ke Zariya ya buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed, alƙalamin mata bai huta ba, kuma a zamanin da ake kira na Adabin Kasuwar Kano, daga tsakiyar shekarun 1980 zuwa gaba, marubuta irin su Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Ahmed Funtuwa ne suka cika shagunan hayar da kike tunawa. Abin da ya canza shi ne takarda da kuɗin ɗab'i sun yi tsada ƙwarai, masu sayen littafi sun ragu, wayar hannu kuma ta shiga kowane ɗaki. Saboda haka yawancin sababbin labarai a yau suna fara fitowa ne shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da manhajojin karatu irin su Wattpad da ArewaBooks, wasu kyauta, wasu kuma waɗanda ake kira littattafan kuɗi, inda mai karatu za ta biya kafin a sa ta a zauren da ake sakin ci gaban labarin. Akwai kuma masu karanta littattafan da murya a YouTube, wanda ya zama sauƙi ga mai aikin gida da hannunta ba ya rabuwa da hidima.

Game da zaɓe, ni dai ba na dogara da yawan masu yabo a zaure, domin sau da yawa ƙawayen marubuciya ne. Ki karanta babi biyu na farko da akan saki kyauta, ki tambayi kanki ko kin san abin da tauraruwar labarin take nema, da abin da ya tare mata hanya. Idan kin kai ƙarshen babi na biyu ba a nuna miki komai ba sai tsawon gashinta da jerin motocin gidan saurayinta, to da wuya littafin ya gyaru a gaba. Sannan ki fi karkata ga wanda aka riga aka kammala, saboda labarai da dama suna tsayawa a tsakiya bayan masu karatu sun biya kuɗinsu. Wata hanya mai amfani ita ce bibiyar sunayen waɗanda suka yi fice a gasar Hikayata, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara a 2016 domin mata zalla, saboda labaransu sun bi ta hannun alƙalai, kuma wasunsu suna da dogayen littattafai.

Tambaya: Anti, ina da labari a raina wanda ya daɗe yana damuna, a kan wata mata da mijinta ya rasu, dangin miji suka hana ta gadon 'ya'yanta. Na sha farawa, amma da na yi 'yan shafuka sai in rasa abin cewa in ajiye. Wace shawara za ki ba ni? Daga wata ɗaliba a Maraɗi, Jamhuriyar Nijar.

Amsa: 'Yata, da farko ina taya ki murna, domin kin riga kin sami abin da wasu suke nema su rasa, wato labarin da ya hana ki sakat. Abin da yake tsayar da ke, a ganina, shi ne kin riƙe jigo amma ba ki riƙe labari ba tukuna. Zaluntar matar mamaci jigo ne, kuma jigo kaɗai ba ya cika shafi goma. Labari yana farawa ne lokacin da kika san wannan matar ita kanta: shekarunta nawa, 'ya'yanta nawa, wace sana'a take yi a cikin gida, wa take bi bashi, wa yake binta, me ta ɓoye wa mijinta har ya rasu bai sani ba, kuma wane hali gare ta da zai sa ita ma ta yi kuskure. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci ƙwarai, domin yawancin littattafan farko da nake karantawa suna kawo mace mai haƙurin da ba na 'yan Adam ba, a kewaye ta da mugaye waɗanda ba su da wani dalili na mugunta. Ki ba wan mijin nan dalilinsa. Wataƙila shi ya biya kuɗin asibitin ƙaninsa har ya sayar da gonarsa, yanzu kuma yana ganin gidan haƙƙinsa ne. Ba sai kin ba shi gaskiya ba, amma idan mai karatu ta fahimci abin da yake tura shi, rikicin zai yi nauyi, kuma za ki ga shafuka suna zuwa da kansu.

Kafin ki sake ɗaukar alƙalami, ki rubuta labarin gaba ɗaya a shafi ɗaya rak, daga farko har ƙarshe, kamar kina ba ƙawarki shi a taƙaice. Idan kin kasa faɗin yadda zai ƙare, to nan ne ciwon yake, kuma gara ki zauna ki warware shi yanzu da ki gano shi bayan kin rubuta babi ashirin. Bayan haka ki raba shafin nan babi-babi, ki rubuta layi biyu a ƙarƙashin kowane babi, kina faɗin abin da zai faru da kuma abin da zai canza a rayuwar matar. Babin da babu abin da ya canza a cikinsa, ki soke shi tun yanzu. Ba laifi ba ne tsarin ya sauya idan rubutu ya yi nisa, sau da yawa ma yakan sauya, amma mai tsari a hannu ba ta wayi gari tana kallon farar takarda ba ta san inda ta nufa ba.

Wurin farawa ma abin lura ne. Marubuta da yawa sukan fara da asalin kakanni da tarihin garin, ko da fitowar rana da kukan tsuntsaye, sai mai karatu ta gaji kafin a zo ga zance. Ki fara a ranar da al'amura suka juya. A naki labarin, wataƙila ranar sadakar bakwai ce, an watse, tabarmi suna nan a shimfiɗe a tsakar gida, ita tana zaune a ɗaki cikin takaba, sai ta jiyo wan mijin a zaure yana tambayar babban ɗanta inda mahaifinsu yake ajiye makullin shago da takardun gida. Ba ki ce mana komai a kan halinsa ba, amma mun riga mun san abin da zai biyo baya. Haka kuma wajen bayyana abin da yake zuciya. Maimakon ki rubuta cewa baƙin ciki mai tsanani ya lulluɓe ta, ki nuna mana ita da magariba ta zuba tuwo a kwanon maigida kamar kullum, ta rufe, ta ɗauka, sai da ta kai ƙofar turakarsa sannan ta tuna. Irin wannan sanin cikin gida shi ne ƙarfin marubuta mata tun farko, kuma ina jin takaici idan na ga yarinya mai basira ta bar shi ta tafi tana kwatanta gidajen Dubai da ba ta taɓa shiga ba.

Tun da labarinki ya shafi gado da takaba, wajibi ne ki yi bincike. Ki tambayi malami a kan rabon gado, domin matar da mijinta ya rasu ya bar 'ya'ya tumuni ne rabonta, wato ɗaya bisa takwas, takaba kuma wata huɗu da kwana goma ce ga wadda ba ta da ciki. Ki kuma binciki yadda ake kai irin wannan ƙara a ƙasarku, domin tsarin shari'ar Nijar daban yake da na Kano ko Katsina. Kuskure ɗaya a irin wannan wuri yakan sa mai karatu ta daina yarda da sauran littafin.

Sai maganar zama a yi aikin. Ki tsayar da lokaci kullum, ko da rabin awa ne bayan sallar asuba ko bayan an kwanta, ki rubuta shafi ɗaya ko biyu ba tare da komawa baya kina gyara ba. Mai rubuta kalma 300 kullum za ta tara kalma 54,000 a kwana 180, wannan kuwa littafi ne cikakke. Idan kin kai ƙarshe ki ajiye shi wata guda, sannan ki dawo ki karanta shi da murya, musamman hirarrakin taurari, domin kunne yana kama abin da ido yake tsallakewa. Tsohuwa ba ta magana kamar 'yar jami'a, kuma Hausarku ta Maraɗi tana da daɗinta a bakin taurari, kada ki goge ta, sai dai bayanin marubuciya ya bi daidaitacciyar Hausa. Ki kiyaye ƙa'idojin rubutu, ki raba kalmomin da ake rabawa, ki sa ƙugiya a haruffan da suke da ita. Rubutu na biyu shi ne littafin, na farko kuwa tamkar ɗinkin gwaji ne da tela take yi kafin ta sa almakashi a leshi.

Tambaya: Malama, na kusa kai rabin littafina. Ƙawayena suna ba ni shawarar in fara saki a zaure in riƙa karɓar kuɗi, ni kuma burina in gan shi a buge. Wanne ya fi? Daga wata malamar makaranta a Gusau.

Amsa: Malama, shawarata ita ce kada ki saki ko shafi ɗaya sai kin kammala kin kuma gyara. Na san sakin shafi-shafi yana da riba, yana kawo masu karatu da 'yan kuɗi, yana kuma ƙarfafa gwiwa. Amma illarsa ga mai littafin farko ta fi yawa. Da zarar kin fara, masu karatu za su shiga neman ci gaba kullum, wannan ta ce a kashe kishiya, waccan ta ce a mayar da aure, sai ki tarar kina rubuta abin da zaure yake so, kin bar abin da kika yi niyya. Ba za ki iya komawa babi na uku ki gyara abin da kika gano a babi na talatin ba, domin ya riga ya yaɗu. Wannan ne ya sa littattafai da yawa na yanar gizo suke farawa da ƙarfi, su yi ta jan jiki a tsakiya, su ƙare cikin gaggawa. Idan kin kammala, babu abin da zai hana ki saki kashi-kashi, kuma a lokacin kina da damar cika alkawari ga waɗanda suka biya.

Ki sani kuma cewa littafin kuɗi yakan fita daga zaure ya shiga hannun waɗanda ba su biya ba, wasu ma su karanta shi da murya su ci riba ba da izinin mai shi ba. A dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya, wadda aka sabunta a 2022, rubutunki naki ne tun daga lokacin da kika rubuta shi, amma yana da kyau ki adana kwafi mai kwanan wata, kuma Hukumar Kula da Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa tana da tsarin shigar da bayanin aiki domin ya zama shaida. Kada kuma ki bar kwafinki a wuri ɗaya, waya takan ɓata, manhaja ma takan rufe, kamar yadda OkadaBooks ta rufe a ƙarshen 2023.

Idan bugawa kika zaɓa, ki fara ba edita wanda ya san ƙa'idojin Hausa, ki biya shi haƙƙinsa, kada ki wadatu da yabon 'yan gida. Lambar ISBN, wato lambar shaida da ake ba kowane littafin da aka buga, daga Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ake samunta. Ki buga kwafi kaɗan da farko, ki ga yadda za su tafi, domin babu amfanin jibge katan-katan a ƙarƙashin gado. Ki kuma nemi reshen Ƙungiyar Marubuta ta Nijeriya, wato ANA, na jiharku, ko wata ƙungiyar marubuta mata, inda za a karanta rubutunki a faɗa miki gaskiya.

Tambaya: Anti, labarina ya yi kama da abin da ya faru a gidanmu. Ina tsoron dangi su gane kansu a ciki. In fasa ne? Daga wata matashiya a Kumasi, Ghana.

Amsa: Kada ki fasa, 'yata, amma kada ki kwashe sirrin gida yadda yake ki zuba a takarda, domin amana ce, kuma mutanen da kika rubuta ba su da damar kare kansu a cikin littafinki. Ki ɗauki abin da ya taɓa zuciyarki a cikin lamarin, ki sauya gari da sana'a da yawan 'ya'ya da zamani, ki haɗa halayen mutum biyu ko uku su zama tauraro ɗaya, ki kuma ƙara abubuwan da ba su faru ba waɗanda labarin yake buƙata. Rayuwar zango a Kumasi fage ne da ba a cika gani a littattafan Hausa ba, saboda haka ki riƙe shi, ki dai mayar da labarin wata unguwa ko wani zangon daban. Idan bayan duk wannan akwai wadda kike ganin za ta gane kanta kuma abin zai yi mata ciwo, ki je ki same ta ki yi mata bayani kafin littafin ya fita, ki kuma kasance a shirye ki cire abin da ta roƙe ki ki cire.