Wane katin girafik zan saya don aikin zane?

Yarona, na ga tambayarka, wai ka sayi katin ƴan gem irin GeForce ko ka daure ka tara kuɗin na ma'aikata da muke ce wa Quadro. To ni ma bari in tambaye ka, wace manhaja za ka riƙa buɗewa kullum?

In AutoCAD ne kana zana filan gini, layi da awo kawai, kar ka wahalar da aljihunka. Yawancin nauyinsa kan firosesa yake, a firosesan ma ƙwaya (core) ɗaya kawai yake matsa wa, don haka firosesa mai gudu da RAM mai gigabait 32 da SSD sun fi maka amfani nesa ba kusa ba. Revit, wata manhajar zanen gini, ma kusan haka yake. In kuma renda, wato fitar da hoton zane kamar na gaske, za ka riƙa yi a Lumion ko Twinmotion, GeForce mai ƙarfi ya ishe ka.

Amma fa in SolidWorks ne ko CATIA ko Siemens NX, manhajojin zanen injuna, nan magana ta canza. Ka duba RTX 4090 na ƴan gem da RTX 6000 Ada na ma'aikata, guntu iri ɗaya ne a cikinsu, AD102, sai dai na farkon gigabait 24 gare shi, na biyun 48, kuma babban abin da kake biya a na biyun shi ne direba, wato shirin da ke tafiyar da katin, wanda masu manhajar suka zauna suka gwada suka amince da shi, shi ya sa in ka buɗe inji mai sassa dubbai kana juya shi ba za ka ga layuka na ɓacewa ko manhajar ta rufe kanta ana tsakiyar aiki ba kamar yadda ake yawan gani da katin gem. RealView na SolidWorks, mai nuna abin da ka zana kamar na gaske, ma ba ya kunnuwa sai da katin da suka amince da shi. Kuma ranar da ka kai wa masu manhajar kuka, tambayar farko ita ce wane kati, wane direba.

Sunan Quadro ɗin ma NVIDIA, kamfanin da ke ƙera shi, ta ajiye shi tun 2020, FirePro, irinsa na kamfanin AMD, kuwa ya koma Radeon Pro a 2016, kar sunaye su ruɗa ka. Kai da kake farawa, RTX A2000 mai gigabait 12 ya wadatar, wat 70 yake ci, ba ya neman wayar wuta daban, ƙaramin akwati ma yana shiga. In ka sa shi, kar ka yi saurin ɗauko direban da ya fito jiya, je ka duba wanda SolidWorks suka lissafa wa bugun da kake amfani da shi, shi za ka sa.