Tambaya da Amsa: Ɗinkin Duwatsun Ado na Mutanen Irokwa

Tambaya: Ina sha'awar koyon ɗinkin duwatsun ado a lokacin hutuna, kuma na ga irin na mutanen Irokwa yana tasowa sama da yadi. Yaya suke yin sa?

Amsa: 'Yar'uwa, kin zaɓi sana'a mai daraja. Irokwa ƙawancen ƙabilu 6 ne na 'yan asalin Amurka ta Arewa, waɗanda ke zaune a jihar Niyok da kuma Kanada. Tun da daɗewa suna amfani da duwatsu farare da shunayya da aka sassaƙa daga ɓawon halittun teku, suna saƙa ɗamara da su domin adana yarjejeniyoyi.

Salon da kika gani ya bunƙasa a ƙarni na 19, lokacin da matan Tuskarora da Mohok, biyu daga cikin ƙabilun nan, ke sayar da jakunkuna da ƙananan matasai ga baƙin da ke ziyartar magangarar ruwa ta Nayagara. Ana manna zanen takarda a kan karan-miski, sannan a zura wa zare duwatsun gilashi fiye da yadda gurbin zai ɗauka, ta yadda idan aka soke allura jeren zai lanƙwashe ya tashi. Ki fara da zanen ganye guda, domin a nan hannunki zai saba da jan zare daidai.