Ɗana yana faɗuwa a kan hobabod, an ce in bar shi a caji ya kwana

Tambaya: Assalamu alaikum. Na saya wa ɗana mai shekara 7 hobabod, allon nan mai taya biyu da ake hawa a tsaye ba mariƙi. Da ya ɗora ƙafa sai abin ya kama kakkarwa ya kayar da shi, har ya gurje gwiwar hannu. Mai shagon ya ce batirin ne bai ƙoshi ba, in bar shi a caji ya kwana. Hankalina bai kwanta ba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah ya ba shi lafiya. Yawanci kakkarwar ba daga batir take ba. A ƙarƙashin kowace ƙafa akwai na'urar da ke jin nauyi, kuma yawancin allunan sai mahayi ya kai kilo 20 suke gane an hau. Ki auna nauyin yaron tukuna. In ya kai, a daidaita allon: a kashe, a ajiye a daɓe mai shimfiɗe, ɓangarorin biyu daidai, a danne maɓallin kunnawa har fitilu su fara ƙyaftawa, a kashe a sake kunnawa.

Yaron ya koyi hawa a jikin bango, da hular kwano da kariyar gwiwa da wuyan hannu. Ƙafa ɗaya a shimfiɗe dab da taya, ɗayar ta biyo nan take, ido a gaba. Da idon sawu ake tuƙi: ya danna yatsu ya yi gaba, dunduniya ya tsaya ko ya ja baya. Zai juya hagu, ya danna yatsun dama kaɗan. Sauka kuwa ta baya ake yi. In ya sauka ta gaba, ƙafar da ta rage za ta danna allon ya kwashe shi.

Maganar kwana a caji ce ta fi damuna, don kullum sai na ji ta. Wannan al'ada ta tsofaffin batura ce, ba ta batirin lithium ba, irin wanda ke cikin hobabod. Batirin hobabod bolt 36 ne, cajarsa 42, awa 2 zuwa 3 ya cika, fitilar caja ta koma kore, a zare. Alluna masu arha na'urar da ke yanke caji a cikinsu ba abin dogaro ba ce, ga wutar nepa da ke dawowa da ƙarfi da tsakar dare kowa na barci. Batirin ya yi zafi ya kama da wuta, wutarsa kuma tana mutuwa ta sake tashi. A 2016 an janye hobabod sama da 500,000 daga kasuwa a Amurka saboda gobara, kamfanonin jiragen sama ma sun daina ɗaukarsu. Amma mai shago da bai taɓa buɗe cikin allon ba ya ce a bar shi ya kwana! Haka masu gyaran da ke miƙo kowace caja don kawai bakinta ya shiga.

Ki yi caji da rana kina kusa, a kan siminti, nesa da katifa da labule, bayan allon ya huce. Ki duba tambarin UL 2272 a jikinsa, wato shaidar cewa an gwada batirin da kayan lantarkin allon game da haɗarin gobara. In batirin ya kumbura ko kin ji ƙauri, ki zare cajar ki fitar da allon tsakar gida, kada a sake kunnawa.