Abin da ya sa kyanwarka ba ta da nauyi

Ɗana, na kalli guntun katun ɗin da ka turo, wanda kyanwa ke bin ɓera a cikin kicin, na kuma karanta tambayarka. Ka ce zane ya fito tsaf, launi ya zauna, amma ƙannenka sun kalla ko murmushi babu, alhali in aka kunna musu Tom and Jerry da aka yi tun kafin a haifi iyayensu sai su yi ta birgima a ƙasa. Kana so ka san me waɗancan mutanen suka sani.

Ƙidaya suka sani. Hannunka ba shi da laifi, zanenka ma ya fi na wasu da suka daɗe a sana'ar. Matsalar tana wurin lokaci. Fim ɗin sinima yana wuce hoto 24 a kowace daƙiƙa, wato katun na minti bakwai ya haura hoto dubu goma. Sau da yawa akan ɗauki zane ɗaya sau biyu, ya zama zane 12 a daƙiƙa, sai in gudu ya yi tsanani a koma kowane hoto da zanensa. Waɗancan mutanen ba sa barin hoto ɗaya ya wuce ba su san aikinsa ba. Kai kuwa ka ajiye kyanwa a bakin ƙofa, ka sake ajiye ta a gindin tebur, ka ce wa kwamfuta ta cike tsakani. Ita kuwa kwamfuta raba daidai take yi. Shi ya sa kyanwar ke sulalewa da sauri iri ɗaya tun daga farko har ƙarshe, ba tashi, ba birki. Babu mai rai da ke tafiya haka.

Ka tsaya ka kalli mace tana daka. Ɗaga taɓarya yana cin lokaci, har ta ɗan tsaya a sama, saukarta kuwa ƙiftawar ido ce, sannan taɓaryar ta ɗan yi tsalle a turmi. Kowane duka a katun haka yake tafiya. Kafin kyanwa ta zabura sai ta fara ja da baya, ta duƙa, kafaɗu su tashi, jela ta miƙe. Ka ba wannan shirin hoto takwas zuwa goma sha biyu, don mai kallo ya gane abin da ke shirin faruwa. Zaburar kanta hoto biyu ko uku sun isa, ko da ido bai kama ta sosai ba. In ta ci karo da bango, kada ka ɗauke ta nan take. Bar ta a manne, fuska a baje, kusan daƙiƙa guda. A wannan tsayuwar dariya take zuwa, kuma ita ce babu a aikinka ko sau ɗaya.

Nemi na farkon Tom and Jerry ka kalla, Puss Gets the Boot, wanda kamfanin MGM na Amurka ya fitar a sinima a Fabrairun 1940. William Hanna da Joseph Barbera ne suka yi shi. A lokacin muzurun sunansa Jasper, ba a riga an sa masa Tom ba, kuma jikinsa duk gashi ne buzu-buzu, yana gudu da ƙafa huɗu. Lura da yadda aka kafa labarin: ya fasa tukunyar fure, matar da ke kula da gidan ta ce in ya ƙara fasa ko abu ɗaya, waje zai kwana. Daga nan ƙarfi ya koma hannun ɓera. Ya ɗauki kofin gilashi ya riƙe a bakin kantar ajiye kaya, muzuru ya daskare. Babu gudu a wurin, babu duka, amma ba za ka iya ɗauke ido ba, domin ka san abin da faɗuwar kofin zai jawo. Can gaba ɓeran ya shiga jefo faranti daga sama, muzuru na cafewa, har suka taru a hannunsa suka yi tsororuwa. Mayar da wurin baya, ka tafi da shi hoto-hoto. Dubi ƙafafunsa da bayansa yadda suke karɓar kayan. Faranti ne na zane, amma kana jin nauyinsu a kafaɗarka. Ɓeran kuma bai yi gaggawa ba, sai da ya yi wanka a kwanon madarar muzuru, ya goge jiki da jelarsa, sannan ya kai masa shuri komai ya zube. An ja maka rai har ka ƙosa, shi ya sa zubewar ta yi daɗi.

Kyanwarka me za ta rasa in ta kasa kama ɓeran? Ban ga komai ba. Ka ba ta abin tsoro ko abin kwaɗayi kafin ta ɗaga ƙafa.

Abu ɗaya a fim ɗin ban so ka kwaikwaya: yadda aka zana matar gidan, baƙar fata, da yadda aka sa ta magana, raini ne irin na Amurkar wancan zamani. Ɗauki gwaninta ka bar wannan.

Mutanen nan biyu raba aiki suka yi. Barbera ke zana labarin da yanayin fuskoki, Hanna ke zama da takardar ƙidaya yana tsara hoto nawa kowane motsi zai ci. Sai masu zane irin su Kenneth Muse da Irven Spence da Ed Barge da Ray Patterson su cika, Scott Bradley ya ɗora kiɗa a kan ƙidayar. Daga 1940 zuwa 1958 sun fitar da gajerun fina-finai 114, bakwai suka ci lambar Oscar. In kana son ganin iyakar ƙidaya, kalli The Cat Concerto na 1947, inda Tom ke kaɗa fiyano a gaban jama'a, Jerry kuma yana kwance a cikin fiyanon sandunan bugu na wurgi da shi. Motsi da sauti a ɗaure suke, in ka cire hoto biyu kunne zai gaya maka. Kuma ka lura kusan ba sa magana. Yaron Kano ko na Damagaram da bai san Turanci ba yana gane komai, don jiki ne ke ba da labarin.

Na san za ka ce su kamfani ne, kai kaɗai ne da kwamfuta ɗaya. Haka ne. Su ma da MGM ya rufe sashen katun a 1957 suka koma talabijin, kuɗi ya ragu, sai suka rage zane sosai, jiki ya tsaya baki na motsi, surutu ya yi yawa. Kana iya rage yawan zane, ka sauƙaƙa siffar kyanwa yadda su ma suka rage wa Tom gashi daga baya. Ƙidaya kuwa ba ta cin ko kwabo, takarda da fensir da haƙuri kawai take so.

Ga aikin wannan makon. Ajiye launi da kicin ɗin gaba ɗaya. Ɗauki daƙiƙa uku kacal, hoto 72: kyanwa ta hango ɓera, ta shirya, ta zabura, ɓera ya shige rami, ta daki bango. Rubuta lamba 1 zuwa 72 a takarda, ka sa abin da ke faruwa a gaban kowace lamba kafin ka zana komai. Yi motsin da jikinka a tsakar ɗaki kana ƙirgawa da baki. Sannan ka zana da layi kawai, ka kunna wa ƙannen nan naka babu sauti, ka zauna inda kake ganin fuskokinsu. Ka kawo mini takardar da zanen ranar Asabar bayan la'asar, mu duba tare.