Amsa: na'urorin ji masu araha don robon 'yan makaranta

Wa alaikumus salam Malam. Ka ce kana da Arduino (ƙaramin allon lantarki da ake sarrafa robo da shi) guda a makarantarku nan Damagaram amma kuɗin sayen na'urorin ji (masu sa robo ya gane haske, karo ko danshi) ya gagara. Kada wannan ya tsayar da kai, rabin kayan suna wurin masu gyaran rediyo da talabijin a Kasuwar Dole.

Fara da na haske. Nemi LDR (ɗan abin da ke barin wuta ta wuce gwargwadon hasken da ya same shi) da rezistans (mai rage ƙarfin wuta) mai kilo-om 10, ka haɗa su a jere tsakanin ramukan Arduino masu alamar 5V da GND, sannan ka ja waya daga mahaɗarsu zuwa ramin A0. Allon zai riƙa ba ka lamba daga 0 zuwa 1023 gwargwadon hasken. Ka sa ƙaramar fitilar LED kusa da shi tana kallon ƙasa, to robo zai bambance baƙin layi da farar takarda, don fari ya fi mayar da haske. Sai dai ranarmu tana da ƙarfi, hasken taga kaɗai ya isa ya rikita lissafin. Cusa LDR ɗin cikin guntun bututun biro, ka naɗe da baƙin salatif. Lokacin hunturu kuma a riƙa goge ƙura, kuma yara su sake auna lambar fari da ta baƙi kafin kowane gwaji. Ni a ganina nan ne ma ainihin darasin yake.

Na jin karo da wani abu kuwa, ciro maɓallin tsohon linzamin kwamfuta, ka liƙa masa lanƙwasasshiyar waya a gaba.

Na danshi kuma, ƙusoshi biyu da aka haɗa da allon a tukunyar shuka suna auna shi, amma suna saurin tsatsa idan wuta na bin su kullum, don haka a kunna lokacin awo kawai.

Aji nawa ne yaran naka, Malam?