Ƙungiyar zari-ruga ta riƙe min kuɗi, ta ce hukuma na sa mata ido: in ci gaba da ba ta bashi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ina zaune a arewacin Ingila, sana'ata dafa abincin taro. Na jima ina kai abinci ɗakin manyan baƙi na wata ƙungiyar zari-ruga, irin wadda ake bugawa da mutum 13, duk ranar da take wasa a gida. Da farko ana biyana a kan kari. Yanzu ina bin su fam 6,000, wata uku ke nan sai dai a ce gobe, a ce jibi. Wani daraktansu ya ce in kwantar da hankalina, hukumar wasan ta sa ƙungiyar cikin kulawa ta musamman kuma ba za ta bari ta rushe ba. Suna so in sa hannu a kwangilar kaka mai zuwa, in kuma yarda a mayar da rabin bashin kuɗin allon talla a bakin fili. Me ka gani?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya fitar maka da haƙƙinka. Maganar da daraktan ya faɗa don hankalinka ya kwanta ita ce ta tayar min da nawa. Hukumar RFL, wadda ke kula da wannan wasa a Ingila tun asalinsa a 1895, ba ta sa ƙungiya mai lafiya cikin kulawa ta musamman. Sai ta ga albashi na makara, ko haraji ya taru, ko an zo roƙon a ba da kason kuɗin talabijin tun lokacinsa bai yi ba. To ka ga ashe mutumin da bakinsa ya shaida maka cewa aljihunsu ya huje.

Sai kuma ka gane abin da hukumar take karewa. Kamar sarkin kasuwa take: damuwarsa kasuwa ta ci ranar cinta, rumfuna su cika, kada a yi rigima. In mai rumfa ya karye da kuɗinka a hannunsa, sarkin kasuwa zai jajanta maka, ya kuma ba wani rumfar. Haka RFL. Abin da ke gabanta a buga kowane wasa da ke jadawali, 'yan wasa su fita fili, gidan talabijin da ya biya kuɗi ya samu abin nunawa. Tana iya ƙayyade wa ƙungiya abin da za ta kashe a kan 'yan wasa, ta hana ta ɗaukar sababbi, ta zaftare mata maki, ko ta ƙwace izininta. Duk cikin waɗannan babu wanda ke sa kuɗi a asusun mai abinci.

Dubi Bradford Bulls. Ƙungiya ce da ta ɗauki kofin Super League, babbar gasar wannan wasa a Ingila, sau huɗu, a 1997, 2001, 2003 da 2005, ta kuma zama zakarar duniya sau uku. A farkon 2012 hukumar ta sayi haƙƙin hayar filinta na Odsal, kuɗi suka shigo. Ba a jima ba ƙungiyar ta miƙa ƙoƙon bara ga magoya baya, suka tara mata kusan fam 500,000. Duk da haka a watan Yuni na shekarar aka miƙa ta hannun jami'in warware basussuka, aka cire mata maki 6. A 2014 aka maimaita, ta faɗo rukuni na biyu. A ƙarshen 2016 aka sake, a Janairun 2017 aka rushe kamfanin baki ɗaya. Cikin wannan Janairun dai hukumar ta ba sabon kamfani izini, ya ci gaba da sunan da rigar, ya fara kaka da bashin maki 12. Mai kallo ya dawo ya zauna a kujerarsa kamar ba a yi komai ba. Wanda ya kai kaya bashi kuwa, takardarsa na ɗauke da sunan tsohon kamfani, wanda doka ta riga ta binne.

Na Salford Red Devils ya fi kusa, kuma ya fi kama da abin da aka gaya maka. A 2024 ta ƙare ta huɗu a Super League. Kafin kakar 2025 ta nemi a ba ta fam 500,000 daga kasonta tun lokacinsa bai yi ba, hukumar ta ɗora mata iyakar fam miliyan 1.2 a kan 'yan wasan da za ta iya sakawa. A watan Fabrairu aka yi shelar sababbin masu ƙungiya sun zo, kowa ya ce alhamdu lillahi. A wasan farko yara ta fitar, St Helens ta lallasa su 82 da nema. Albashi ya yi ta makara, manyan 'yan wasa suka watse ɗaya bayan ɗaya, hukumar haraji ta kai ƙara, kotu ta yi ta ɗage zama, har a Disamban 2025 ta ba da umarnin rushe kamfanin ƙungiyar da aka kafa tun 1873. Duk wannan a kan idon hukuma ya faru, kusan shekara guda tana sa ido. Ba na cewa ta yi sakaci a komai, don ba ta da ikon tilasta wa mai ƙungiya ya fito da kuɗin da ba shi da su. Amma abin na ci min rai, domin ƙananan 'yan kasuwa irinka su ne suke jin an ce "hukuma na ciki" su saki jiki.

Yanzu ga inda kake tsaye in abin ya lalace. A dokar Ingila, in aka rushe kamfani layi ake bi. Masu jingina a kan kadara su ne a gaba, sai ladan jami'in da ke aikin rushewar, sai wani ɓangare na haƙƙin ma'aikata. Tun 1 ga Disamban 2020 hukumar haraji, HMRC, ta samu gurbi a sahun gaba kan harajin VAT da harajin da ake cira daga albashin ma'aikata. Kai da mai wanki da mai buga riguna kuna can ƙarshe. Kuma yawancin ƙungiyoyin nan ba su mallaki abin kirki ba: fili na haya ne, 'yan wasa kuwa da an rushe kamfani sun kama gabansu. Sau da yawa kafin layi ya iso kanku tukunya ta bushe.

Don haka shawarata, kada ka sa hannu a kwangilar nan yadda take. Kafin ka koma wurinsu, ɗauko takardar da kake ba su ta neman biya, ka duba ainihin sunan kamfanin da ke kai, don sau da yawa ya bambanta da sunan da ke jikin riga. Shiga shafin Companies House, hukumar rajistar kamfanoni, kyauta ne, ka rubuta sunan. Ka duba ko sun makara wajen shigar da lissafinsu na shekara, ko akwai sabuwar jingina da aka yi wa rajista, ko daraktoci na ta ajiye aiki a jere. Ka tuna lissafin da za ka gani tsoho ne, domin doka ta ba kamfani wata 9 bayan ƙarshen shekararsa kafin ya shigar. Sannan ka nemi sunan a jaridar gwamnati, The Gazette, inda ake buga sanarwar ƙarar neman rushe kamfani. In ka gan shi a can, dakata da kai ko cokali ɗaya, ka nemi lauya a ranar.

In ba ka ga wannan ba, je ka same su da fuska a sake, don ba faɗa ka je yi ba. Ka nemi a rubuta maka cewa ana bin su fam 6,000, da ranakun da za a biya, kashi uku ko huɗu, mai ikon sa hannu ya sa. Abinci na gaba kuwa kuɗi hannu: rabi kafin ka je sayen nama da shinkafa, rabi kafin ka sauke tukwane daga mota. Mai kawo kujeru ko na'ura yana iya rubuta cewa kaya nasa ne har sai an biya, ya zo ya kwashe abinsa. Kai ba ka da wannan gatan, abin da aka ci an ci. In suka dage sai bashi, ka ce daraktan da ya ba ka tabbaci ya tsaya maka da kansa a rubuce, cewa in kamfani ya gaza daga aljihunsa zai biya. Yadda zai karɓi wannan magana zai nuna maka iyakar yardarsa da abin da ya faɗa.

Batun allon talla, tambayi kanka abu ɗaya: da ba sa riƙe da kuɗinka, za ka ciro fam 3,000 ka sayi allon nan? In a'a ne, to yafe bashi ake nema ka yi da wani suna. In ma kana son tallan, a rage farashi sosai, a rubuta cewa in ƙungiya ba ta kammala kaka ba kuɗin sun koma bashi.

In wa'adin farko ya wuce ba su cika ba, aika musu takardar gargaɗi ta ƙarshe, ka ba su kwana 14. Bashin da bai wuce fam 10,000 ba ana shigar da ƙararsa a sashen ƙananan ƙararraki na kotun yanki, ta intanet ma ana yi, kuma ba dole sai da lauya ba. Kada kunya ko son ƙungiyar ya sa ka jira, domin da zarar an miƙa ta hannun jami'in warware basussuka doka ta rufe ƙofar ƙara sai da izini. Kafin nan ka fara zagaya wuraren biki, makarantu da kamfanonin yankinku, ka cike ranakun wasan da wani aikin, yadda ko sun daina kiranka ba za ka rasa na biyan yaranka ba.